Shehu Musa 'Yar'adua: Sojan Da Ya Haɗa Bariki, Kasuwa Da Siyasa

A ranar 8 ga Disamba, 1997, Allah Ya yi wa Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'adua, Tafidan Katsina, rasuwa yana fursuna a gidan yarin Abakaliki da ke Jihar Ebonyi. Shekarunsa 54 a duniya. Kafin wannan rana ya taɓa zama mutum na biyu a gwamnatin Najeriya, ya shugabanci banki, ya mallaki hannun jari a kamfanonin jiragen ruwa, ya kuma gina ƙungiyar siyasar da ta ratsa Arewa da Kudu. Gwamnatin da ta ɗaure shi ta sojoji ce, kuma shugabanta, Janar Sani Abacha, ɗan makarantar da ya fito ne, ƙaraminsa a muƙami a zamanin da yake bakin aiki.

Tarihin Tafida ya wuce labarin mutum ɗaya. A cikinsa ake ganin yadda manyan soja da manyan 'yan kasuwa da manyan 'yan siyasa suka cuɗanya a Najeriya tun daga samun 'yancin kai, har ya kasance wanda yake wannan ɓangare yau, gobe a gan shi a wancan, kuma fuskokin nan dai su ne ake ta haɗuwa da su a kowace ƙofa.

Ɗan gidan sarauta a makarantar soja

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Kakansa, Malam Umaru, Mutawallin Katsina ne, wato mai kula da baitulmalin masarauta. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'adua, malamin makaranta ne da ya shiga siyasa a jam'iyyar NPC, ya zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya kuma ya riƙe sarautar Mutawalli. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne a gidan da sarautar gargajiya da ilimin boko da mulkin zamani suka riga suka haɗu.

Ya yi karatu a Makarantar Midil ta Katsina, sannan ya wuce Sakandaren Lardi, inda ya zauna aji ɗaya da Muhammadu Buhari. A wancan lokaci shugabannin Arewa sun damu ƙwarai da ƙarancin 'yan yankinsu a cikin hafsoshin soja. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Ministan Tsaro Muhammadu Ribadu sun riƙa kwaɗaita wa ɗaliban sakandare aikin soja, domin sun hango cewa duk yankin da ba shi da hafsoshi zai iya wayar gari ba shi da ta cewa a ƙasar. Ribadu aminin Malam Musa ne, kuma da ƙarfafawar su biyun Shehu ya shiga Kwalejin Horar da Sojoji ta Kaduna a 1962. Daga nan aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya dawo da muƙamin hafsa a 1964.

A ɗan tsakanin nan, wannan kwaleji ta Kaduna ta karɓi Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida da Sani Abacha. 'Yan siyasar Jamhuriya ta Farko ne suka tura waɗannan samari bariki domin su kare muradun yankinsu, ba tare da sanin cewa su ne za su gaje su a kan karagar mulki ba.

Yaƙin basasa

Aikin farko da aka ba shi a Bataliya ta Ɗaya ne da ke Enugu. Yana can aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma rushe gwamnatin da mahaifinsa yake minista a cikinta. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sai ya sami kansa a Runduna ta Biyu ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed. Wannan runduna ta kori sojojin Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma, amma ta yi mummunar asara a Oktoban 1967 a yunƙurin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha. Sai a Maris na 1968 garin ya shiga hannunta, bayan ta zagayo ta wata hanya. 'Yar'adua na cikin matasan kwamandojin da suka yi wannan gumurzu, kuma ya riƙe birged yana da shekara ashirin da 'yan kai.

Yaƙin ya bar wa Najeriya abubuwa biyu da suka shafi rayuwarsa kai tsaye. Na farko, rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙi ta kumbura ta kai kusan 250,000, kasafin kuɗinta kuma ya zama abin da kowane ɗan kwangila yake hanƙoro. Na biyu, ya samar da wani rukuni na hafsoshi da suka san juna a bakin daga, suka kuma yi imanin cewa tun da su suka zubar da jini domin ƙasar ta zauna ɗaya, suna da haƙƙin faɗin yadda za a tafiyar da ita.

Juyin mulkin 1975 da tulin siminti

A ranar 1 ga Oktoba, 1974, Janar Yakubu Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Kuɗin man fetur na ta kwarara, zarge-zargen cin hanci a kan gwamnonin soja kuma na ta yawaita. Laftanar Kanar 'Yar'adua yana sahun gaba a cikin hafsoshin da suka kitsa kifar da gwamnatin, tare da Joseph Garba da Abdullahi Mohammed da Ibrahim Taiwo da Anthony Ochefu. Sun aiwatar da shirinsu ranar 29 ga Yuli, 1975, lokacin da Gowon yake taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, ba tare da an zubar da jini ba. Maimakon su hau kujerar da kansu, sai suka miƙa ta ga manyansu uku: Murtala Muhammed, Olusegun Obasanjo da Theophilus Danjuma.

An naɗa 'Yar'adua Kwamishinan Sufuri na Tarayya, ya kuma tarar da matsalar da ta zama abin kunya ga ƙasar. Hukumomin gwamnatin da ta gabata, musamman Ma'aikatar Tsaro, sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, gwamnati na biyan su kuɗin jira, simintin kuma na daskarewa a cikin wasu. Wannan badaƙala ta nuna ƙarara abin da ke faruwa idan jami'in da ke sa hannu a kwangila da dillalin da ke kawo kaya suka zama abokan cin mushe. An soke wasu kwangiloli, an tsaurara ƙa'idar shigowar jirage, aka kuma gaggauta gina sabuwar tashar Tin Can, wadda aka buɗe a Oktoban 1977.

A wannan ma'aikata ne ya san sirrin tashoshin jiragen ruwa da mutanen da ke juya su. Wanda ya riƙe Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa daga 1975 zuwa 1982 shi ne Alhaji Bamanga Tukur, kuma sunansa zai sake fitowa a tarihin Tafida ta wata fuska.

Mutum na biyu a ƙasa

Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Janar Murtala a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka. Obasanjo ya gaje shi, Danjuma ya ci gaba da riƙe rundunar sojan ƙasa. Da yake dukansu biyu Kiristoci ne, Majalisar Ƙoli ta Soja ta ga wajibi ne a samu Musulmi ɗan Arewa a kujera ta biyu domin kwantar da hankalin yankin da ya rasa ɗansa. Zaɓi ya faɗa kan 'Yar'adua. Aka ɗaga shi daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, ya tsallake muƙamin Kanar da kuma hafsoshi da dama da suka girme shi, ya zama Shugaban Hafsoshi a Hedikwatar Ƙoli, wato mataimakin shugaban ƙasa, yana da shekara 32.

Ofishinsa ne ke hulɗa da gwamnonin jihohi 19, kuma ta nan manyan shirye-shiryen gwamnati suka riƙa bi. Akwai shirin ciyar da ƙasa na 1976, wanda ya raba taki da iri a farashi mai rangwame. Akwai gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara, wanda ya samar da ƙananan hukumomi kimanin 300 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, ya kuma mayar da sarakuna masu ba da shawara. Ɗan gidan Mutawalli ne ya tsaya a kan aikin da ya ƙarasa rufe babin mulkin En'e, wanda kakanninsa suka yi wa hidima.

Wasu dokoki biyu na wannan gwamnati sun yi tasiri mai nisa a kan wanda zai yi arziki a Najeriya. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta faɗaɗa wadda aka yi a 1972: ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Najeriya zalla, ta kuma wajabta musu kashi 60 ko kashi 40 cikin ɗari a sauran kamfanoni. Waɗanda suka iya sayen hannayen jarin su ne masu samun rancen banki da labarin cikin gida, galibi manyan ma'aikata da hafsoshi da 'yan kasuwar da ke kusa da gwamnati. Kamfanonin ƙetare su ma sun gane amfanin samun mai faɗa a ji a kwamitin daraktocinsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, lamarin da masu suka suka ce ya sauƙaƙa wa masu hanya mallakar manyan gonaki.

Duk da haka, abin da aka fi tunawa da wannan gwamnati shi ne cika alkawari. Ta kammala sabon tsarin mulki, ta ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, ta gudanar da zaɓe tsakanin jam'iyyu biyar, sannan ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. 'Yar'adua ya ajiye kaki da muƙamin Manjo Janar yana da shekara 36, shekarun da wasu ke fara neman abin yi.

Daga bariki zuwa kasuwa

Manyan gwamnatin uku duk kasuwa suka nufa. Obasanjo ya kafa gonarsa a Ota. Danjuma ya shiga harkar jiragen ruwa, daga baya ya ƙara da ta man fetur. 'Yar'adua ya zauna a Kaduna, ya kafa rukunin kamfanonin Hamada da gonar Sambo, ya kuma zama shugaban bankin Habib Nigeria, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 da haɗin gwiwar bankin Habib na Pakistan. Masarautar Katsina ta naɗa shi Tafida.

Inda dangantakar manyan ta fi bayyana shi ne a kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines. Masu shi sun haɗa da 'Yar'adua, tsohon Kwamishinan Sufuri, da Bamanga Tukur, tsohon shugaban tashoshin jiragen ruwa wanda ya yi gwamnan Gongola na wata uku a 1983, da Cif Moshood Abiola, da Raymond Dokpesi, wanda daga baya ya kafa gidan rediyon Raypower da talabijin na AIT. Shi kansa Abiola tushen dukiyarsa kwangilolin sadarwa ne da kamfanin ITT ya samu daga gwamnatocin soja a shekarun 1970, kuma amincinsa da Murtala da Babangida sananne ne. A 1987 gwamnatin Babangida ta yi dokar da ta tanadar wa kamfanonin jiragen ruwa na cikin gida kaso daga kayan da ake shigowa da su da waɗanda ake fitarwa, wadda ta ƙara wa irin waɗannan kamfanoni daraja.

Haka kuma ya shiga kamfanin NICOTES mai hidimar kaya a tashoshin ruwa, wanda wani ɗan kasuwa ɗan Italiya, Gabriele Volpi, ya kafa tare da Atiku Abubakar, jami'in kwastan da ya yi ritaya a 1989. Wannan kamfani ne ya zama Intels. Ya kuma kafa jaridar The Reporter a Kaduna, kamar yadda Abiola yake da Concord a Legas, domin a wancan zamani duk mai burin mulki yana buƙatar bakin da zai yi magana a madadinsa.

Magoya bayansa suna kallon wannan a matsayin ƙoƙarin ɗan ƙasa na kutsawa fagen da Turawa suka daɗe da mamayewa, da kuma samar wa Arewa gurbi a harkar banki da sufurin teku. Masu suka kuma suna nuni da cewa fannin da ya yi wa gwamnati aiki shi ne fannin da ya yi kasuwanci a cikinsa, kuma abokan aikinsa na jiya su ne abokan cinikinsa na yau. A ƙasar da gwamnati ce ke raba lasisin shigo da kaya da kuɗin ƙetare da kwangila, sanin ƙofar ofis jari ne da ya fi kuɗi.

Siyasa daga bayan fage

Lokacin da Janar Babangida ya fara shirin miƙa mulki, ya yi doka a 1987 da ta haramta wa tsofaffin masu riƙe da muƙamai shiga siyasa. Dokar ta shafi 'Yar'adua, don haka ya yi aikinsa ta hannun wasu. Ƙungiyar da ya assasa, Peoples Front of Nigeria, ta tattaro mutanen da sunayensu za su cika siyasar ƙasar na shekaru talatin masu zuwa: Babagana Kingibe, Atiku Abubakar, Ango Abdullahi, Yahaya Kwande, Tony Anenih, Chuba Okadigbo, Bola Tinubu da Rabi'u Musa Kwankwaso, da sauransu.

Salonsa ya bambanta da na jam'iyyun da suka gabata, waɗanda kowace take da yankin da ta dogara da shi. Shi ya tafiyar da siyasa ne kamar yadda ake tsara yaƙi: a san masu faɗa a ji a kowace ƙaramar hukuma, a ƙulla da su, a tanadi abin tafiyar da aiki, a kuma ƙirga wakilai tun kafin ranar zaɓe. A Ibadan ya ƙulla da Lamidi Adedibu. Wannan tsari yana cin kuɗi mai yawa, kuma dukiyar da aka tara a kasuwa ce ta ɗauki nauyinsa.

A Oktoban 1989 Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyi 13 rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC. Mutanen 'Yar'adua suka shiga SDP, suka kuma ɗora Kingibe a kujerar shugabancinta a 1990. A Disamban 1991 aka tsare shi tare da wasu tsofaffin 'yan siyasa, ciki har da Abubakar Rimi da Lateef Jakande da Bola Ige da Solomon Lar, bisa zargin keta haramcin. Bayan zaɓen gwamnoni aka sake su, aka kuma ɗage dokar. A wannan zaɓe ƙaninsa, Umaru Musa 'Yar'adua, ya nemi gwamnan Katsina a SDP, amma Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi.

A 1992 Tafida ya fito neman shugabancin ƙasa. Ya zo na ɗaya a zaɓen fid da gwani na SDP, ya kuma samu ɗimbin ƙuri'u a jihohin Yarbawa, inda Olu Falae da Jakande suke ganin gidansu ne. Abokan takararsa suka yi ƙorafin maguɗi da sayen ƙuri'a, kamar yadda aka yi a NRC tsakanin Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. Babangida ya soke zaɓukan duka, a Nuwamba kuma ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Hafsan da suka yi juyin mulkin 1975 tare shi ne ya datse masa hanya.

12 ga Yuni da abin da ya biyo baya

Da aka sake buɗe fage, 'Yar'adua ya tsayar da Atiku. A babban taron SDP na Jos a Maris na 1993, Abiola ya zo na ɗaya a zagayen farko, Kingibe na biyu, Atiku na uku. Atiku ya janye wa Abiola, abokin kasuwancin ubangidansa, kuma wannan ne ya ba Abiola tikiti. Ɓangaren 'Yar'adua ya sa ran za a ba shi kujerar mataimaki, amma gwamnonin jam'iyyar suka matsa, Abiola ya ɗauki Kingibe. Duk da haka Tony Anenih, na hannun daman Tafida, ya zama shugaban jam'iyya.

An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni, 1993, kuma sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Jihar Kano. Ranar 23 ga Yuni gwamnatin soja ta soke zaɓen. A nan ne aka fi samun saɓani game da Tafida. Shugabancin SDP, wanda yake hannun mutanensa, ya amince da kafa gwamnatin riƙon ƙwarya maimakon ya tsaya kai da fata a kan nasarar ɗan takararsa. Masu kare shi sun ce abin da ya sa a gaba shi ne a raba Babangida da mulki ko ta halin ƙaƙa, sannan a sake zaɓe. Masu suka, musamman a Kudu maso Yamma, sun ɗauki matakin a matsayin yin watsi da Abiola domin buɗe wa kai hanya. Wanda aka ɗora a kan gwamnatin riƙon, Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban kamfanin UAC ne, wato sojoji da 'yan siyasa sun daidaita a kan ɗan kasuwa.

Gwamnatin ba ta cika wata uku ba. Ranar 17 ga Nuwamba, 1993, Janar Abacha ya karɓe mulki, ya rushe jam'iyyu da majalisu. Ya jawo 'yan siyasa da dama cikin majalisar ministocinsa, har da Kingibe da Jakande da Bamanga Tukur. A Yunin 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa, aka kama shi.

Taron tsarin mulki da gidan yari

'Yar'adua ya sake tattara mutanensa a ƙarƙashin ƙungiyar PDM, ya kuma ci zaɓen zama wakili a taron tsara kundin mulki da Abacha ya kira a 1994. A zauren taron ya nuna cewa har yanzu shi ne ya fi kowa iya ƙirga kawuna. A Disamban wannan shekara wakilai suka zartar da ƙudurin cewa sojoji su bar mulki a watan Janairun 1996. Gwamnati ba ta ɗauki wannan da sauƙi ba.

A Maris na 1995 aka kama shi, aka kuma kama Obasanjo, bisa zargin hannu a shirin juyin mulki. Kotun soja ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza ta yi zamanta a asirce, ta yanke wa 'Yar'adua hukuncin kisa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a gida da waje sun yi watsi da shari'ar, suna cewa an ƙirƙiri zargin ne domin kawar da abokan hamayya. Bayan matsin lamba daga shugabannin duniya, Abacha ya sassauta hukuncin zuwa ɗauri a jawabinsa na 1 ga Oktoba, 1995. Kafin nan taron tsarin mulki ya riga ya janye wa'adin da ya gindaya, bayan an raba shi da jagoran da ya tsaya a kai.

Matsin bai tsaya a kan jikinsa ba. Gwamnati ta ƙwace hannun jarinsa da na Atiku a NICOTES, harkokinsa na kasuwanci suka shiga mawuyacin hali. Dukiyar da ta girma a inuwar hukuma ta nuna cewa hukuma na iya tsinke mata jijiya a rana ɗaya. An riƙa sauya masa gidan yari har aka kai shi Abakaliki, nesa da iyalinsa. Da ya rasu, hukumomi sun danganta abin da rashin lafiya. Makusantansa kuwa sun yi zargin an yi masa wata allura da ƙarfin tsiya yana tsare, kuma Obasanjo na cikin waɗanda suka sha maimaita wannan zargi a bainar jama'a. An kai gawarsa Katsina, inda ɗimbin jama'a suka halarci jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna.

Gadon da ya bari

Wata shida bayan rasuwarsa, ranar 8 ga Yuni, 1998, Abacha ya rasu. Abiola ya bi bayansa ranar 7 ga Yuli, shi ma yana tsare. Da Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe fagen siyasa, PDM ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan sabuwar jam'iyyar PDP. Ita ce ta tsaya wa Obasanjo a zaɓen fid da gwani na Jos a Fabrairun 1999, inda ya kayar da Alex Ekwueme, tare da goyon bayan tsofaffin janar-janar masu hannu da shuni irin su Babangida da Danjuma. A 1999 Obasanjo ya zama shugaban ƙasa, Atiku mataimakinsa, Danjuma Ministan Tsaro, Anenih Ministan Ayyuka, Umaru 'Yar'adua gwamnan Katsina, Kwankwaso gwamnan Kano, Tinubu kuma gwamnan Legas a jam'iyyar AD. A 2007 Umaru ya hau kujerar da yayansa ya nema bai samu ba, ya riƙe ta har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu, 2010.

Masu nazarin siyasar Najeriya suna jingina wa Tafida abubuwa biyu da ba sa rabuwa. Shi ne ya tabbatar da cewa ɗan Katsina zai iya samun magoya baya na haƙiƙa a Ibadan da Benin da Jos, ya kuma rasa ransa a hannun mulkin soja bayan ya nemi a sa masa wa'adi. Shi ne kuma ya ƙarfafa salon siyasar da ta dogara da iyayen gida da wakilai da kuɗi mai yawa, wadda ta sa takara ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa. Jamhuriya ta Huɗu ta gaji duka biyun.

Bankin Habib ya haɗe da bankin Platinum a 2005 suka zama Bank PHB, wanda daga baya ya koma Keystone. A tsakiyar Abuja akwai cibiyar da aka gina da sunansa, mai ɗauke da ɗakin karatu da zauren taro da kayan tarihinsa, kuma har yau 'yan siyasa da tsofaffin hafsoshi da 'yan kasuwa suna haɗuwa a cikinta domin tattauna makomar ƙasa. A harabarta akwai wata gada da aka bari ba a ƙarasa ba, alamar aikin da ajali ya katse.